Na sauke mota, sabbin rim suna gugar madigadi

Assalamu alaikum, masana. Toyota 86 ce, rim ɗinta na kamfani inci 17, faɗi inci 7, ofset +48 (wato tazarar milimita daga tsakiyar faɗin rim zuwa fuskar da ake ɗaure shi; ƙaramin ofset na turo ƙafa waje). Na sa gajerun sifirin da suka sauke ta milimita 30, na bar shokozoba na asali.

Bayan alaimen (saitin ƙafafu), saman ƙafafun baya ya kwanta ciki, digiri 2.3 a hagu, 1.8 a dama, kuma motar ba ta zo da wurin gyara wannan kwanciyar a baya ba. Tuni gefen ciki na tayoyin ya fara cinyewa. Na gwada rim inci 18, faɗi inci 9.5, ofset +38, da taya 255/35 (faɗinta milimita 255, tsayin gefenta kashi 35 cikin ɗari na faɗin). A tsaye lafiya lau, amma da na hau tudu ko na sha kwana da gudu, sai tayar dama ta gogi leɓen madigadi, har ta bar zane a kafaɗar robar. An lanƙwasa leɓen ciki, gugar ta ragu amma ba ta daina ba. Abin ya ishe ni, don in na miƙar da ƙafar saboda cin taya, samanta zai ƙara fitowa waje.

A digiri nawa ya kamata in tsayar da ƙafafun baya kafin in auna ofset ɗin da zan saya? Na gode.