Fitilun motata sun yi hazo suna ɓawo, ana iya gyarawa a gida?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum yan uwa. Don Allah masu sanin mota ku taimaka min. Corolla gare ni 2005, fitilun gaba duk sun yi ɗorawa sun dushe, ta sama ma har sun fara ɓawo, in ka sa farce kana jin kaushi-kaushi. Ni kuma aiki na yawan kai ni Daura kuma sai bayan magariba nake juyowa, wallahi mai mashin ko mai amalanke sai na zo daf da shi nake ganin shi, abin na tada min hankali. Na canza ƙwai sababbi amma ba ta sake zani ba. Wani ya ce in goga makilin wani ya ce man birki, sabuwar fitila kuma kun san yadda kuɗinta ya zama yanzu. Mi ye mafita?

Mai fenti:
Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko dai ka rabu da man birkin nan, shi da tinna da fetur kada ko ɗaya ya taɓa fitilarka. Ai ba gilashi ba ne irin na Fijo 504 ta da, roba ce mai ƙarfi da ake kira polikabonet, waɗannan abubuwan cin ta suke, za ka ga ta yi ƙyalli nan take daga baya kuma ta tsattsage tun daga ciki, in ta kai nan ba gyara. Abin da kake gani yana ɓawo wani siririn shafi ne da kamfani ke yi mata don ya tare zafin rana, ranar Katsina da ƙurar hunturu ne suka cinye shi, da ya mutu sai robar ta fara ƙonewa tana canza kala.

Gyaran shi ne ka kankare mataccen shafin gaba ɗaya. Wanke fitilar da omo, ka zagaye gefenta da tef don kada ka karce fentin bonet da bamba. Samo samfefa ta ruwa, ka jiƙa ta, tunda fitilarka tana ɓawo fara da samfefa mai kaushi, lamba 600 ko 800, kana gogawa kana zuba ruwa kada ta bushe. Ruwan da ke zuba zai fito rawaya da farko, ci gaba har sai ya koma fari kamar tsinkakken koko, to ka kai ga lafiyayyar roba. Sannan ka bi da masu laushi, lamba 1000, 1500, 2000, in ka samu 3000 ma ya fi. Wannan ka goga ta kwance ta gaba ka goga ta tsaye, ta haka za ka gane ko karcen ta baya ya fita. Kuma kada gabanka ya faɗi in ka ga fitilar ta yi fari fat ta fi da muni, haka take yi a tsakiyar aiki, folish ne zai dawo da ita tas.

Direban Kano:
Makilin ɗin yana yi fa, muna yi a tasha, sai dai na ɗan lokaci ne kuma ba ya taɓa mai ɓawo. Amma maigida ka fara dubawa ko hazon daga ciki yake. In kana ganin raɓa a ciki da safe ko bayan wankin mota to gam ɗin da ya riƙe murfin ne ya saki, ko ka kwana kana goge waje ba abin da zai canza.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na duba yanzu, ciki a bushe yake, daga waje ne. Na gode ƙwarai. Yaya mai fenti, in na yi folish shi kenan an gama?

Mai fenti:
A'a, nan ne ma mutane ke yin asarar wahalarsu. Ka cire mata kariya ka bar ta tsirara a rana, cikin yan watanni za ta koma jiya iyau. Dole a sake mata shafi, kiliya mai hadina (sinadarin da ke sa ta ƙanƙare) irin wadda muke fesa wa mota a kan fenti ita ta fi daɗewa. In kiliyar za ka sa kada ka yi folish tukuna, tsaya a 800 ko 1000 don ta samu abin kamawa, ita da kanta za ta cike karcen fitilar ta fito garau. Ni shawarata ka yi gugar a gida, fesawar ka kai wa mai fenti, don tururinta na da illa ga huhu kuma ba a yin ta ba abin rufe hanci na kirki. A fesa da safe a inda iska ba ta kaɗa ƙura, kada a wanke motar sai ta bushe sosai, bayan nan ka riƙa nema mata inuwa in za ka aje ta.