Likita ya rubuta, ni na bayar, in an samu kuskure laifin wa?

Ɗalibar_jinya:
Assalamu alaikum yayyena a wannan aiki, dan Allah ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai. Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, muna firaktikal yanzu. Jiya a dutin dare na ɗauko fayil ɗin wani dattijo mai ciwon suga, likita ya rubuta insulin amma wlh rubutun kamar tonon kaza, ya sa lamba ya manna mata harafin U (wato yunit, ma'aunin insulin) a baya, na kasa gane 10 ne ko 100. Na ajiye sirinjin na je na samu sistar da ke kula da mu, ta kira likitan a waya ya ce 10 ne. To abin da ya ɓata min rai wata da muke duti tare ta ce na cika iyayi, wai namu bin umarni ne kawai, abin da likita ya rubuta shi zai amsa. Shin haka ne? In ya rubuta ba daidai ba ni kuma na bayar, ba ruwana?

Sista_Babba:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Da ruwanki kuwa, har tsundum. Ki duba, in likita ya yi kuskure mai famasi zai iya kamawa, in ya wuce famasi ke za ki iya kamawa, amma in ya wuce hannunki ba sauran kowa sai jikin mara lafiya, allura kuma in ta shiga ba a zuƙo ta. Yunit 100 fa shi ne sirinjin insulin mai mil ɗaya cike taf, ki ɗura wa dattijo wannan da dare suga ya faɗi yana barci, sai dai da safe a ga bai farka ba. Wannan U ɗin an daɗe da sanin sharrinsa, tun 2004 hukumar da ke tantance asibitoci a Amurka ta sa shi cikin gajerun rubutun da ta hana, a rubuta kalmar cikakkiya.

Abubuwa biyar ɗin nan da aka koya muku a aji kar ki ɗauke su haddar jarrabawa: kafin ki ba da magani ki tabbatar mutumin ne, maganin ne, adadin ne, hanyar bayarwar ce (baki ko allura), lokacin ne. Ni wanda na fi tsoro shi ne na farko. Kar ki taɓa yarda da lambar gado, ana sauya wa mutane gado ba ki nan. Kar kuma ki ce "Baba kai ne wane?" don mai jin jiki komai kika ce zai gyaɗa kai, ki ce "Baba, yaya sunanka?" ya faɗa da bakinsa ki haɗa da lambar fayil, sannan ki tambaya ko akwai maganin da jikinsa ba ya ɗauka.

Mai_famasi:
Sista ta gama magana, ƙari kawai zan yi. Ɗigo ma yana kisa, a rubuta 1.0 ɗigon bai fito ba a karanta 10, ko .5 a karanta 5, shi ya sa ake cewa a rubuta 0.5 kuma kar a sa sifiri bayan ɗigo. Ga sunayen magunguna masu kama kamar dofamin da dobutamin. Metotirezet na masu ciwon gaɓoɓi sau ɗaya ne a SATI, an sha ba da shi kullum a yi asarar rai. Fotasiyam kulorayid mai ƙarfi kuwa ba a taɓa tura shi kai tsaye a jijiya, zuciya yake tsayarwa, sai an sirka a ƙarin ruwa ya tafi a hankali. Ku riƙa kiranmu dan Allah, ba ma jin haushi.

Nas_gajiyayye:
Duk na yarda amma mu faɗi gsky, faɗa ya fi yi sauƙi. Kai kaɗai wod cike, kana lissafin maganin yaro bisa nauyinsa ɗan jinya na jan rigarka ruwa ya ƙare, waya na ƙara, ka dawo ka manta ina ka tsaya, wa zai duba maka insulin karo na biyu alhali ba kowa? Kuma in ka yi kuskure ka faɗa kai za a rataya wa. Ku tuna RaDonda Vaught, wata nas a jihar Tenesi ta Amurka, 2017 ta ba da vecuronium mai shanye tsoka a maimakon Versed mai kwantar da hankali, mara lafiyar ta rasu, da bakinta ta faɗi abin da ya faru amma 2022 kotu ta same ta da laifi. Wa zai ga haka ya ƙara buɗe baki?

Sista_Babba:
Ɗan'uwa ban ƙi taka ba, ƙarancin ma'aikata laifin masu gudanarwa ne kuma a 2017 ɗin nan ma Hukumar Lafiya ta Duniya da ta ƙaddamar da shirin rage mummunar illar magani da rabi cikin shekara 5 tsarin aiki ta fi nuna wa yatsa. Amma ɓoyewa a'a. Insulin ya yi yawa ka faɗa nan take a sa gulukos a ceci mutum, ka yi shiru don tsoron kwiri (takardar tuhuma) awa biyu ta wuce fa? Ni in aka katse ni ina lissafi daga farko nake sakewa, ko da za a ce na cika nawa.

Ɗalibar_jinya:
Na gode Anti, hankalina ya kwanta. Saura ɗaya, jiya ta waya likitan ya faɗi adadin, wannan ya wadatar?

Sista_Babba:
Ki rubuta yana faɗa, ki maimaita masa sunan mara lafiya da maganin da adadin, lambar ɗaya bayan ɗaya, "ɗaya, sifiri", ya ce eh. Ki sa lokaci da sunansa, in ya shigo wod ya gyara rubutun ya sa hannu. Ke da kike ɗaliba ma sista ce za ta karɓi wayar, ke ki tsaya kusa ki ji yadda ake yi.