Wace tiyori zan ɗora a kan fim?

Ɗan aji uku: Salam yan uwa, malam ya bamu aiki mu feɗe fim ɗaya da tiyori, wato ra'in masana na nazarin fim, wallahi kaina ya kulle, ta ina zan fara?

Yaya Babba: Ƙanena ɗauki ta masaniyar fim Laura Mulvey ta 1975, kallon namiji, wato yadda fim ke nuna mace don daɗin idon namiji. Kunna waƙa a fim ɗin Kannywood ka lura ina kyamara take tsayawa in mace na rawa, kuma don wa.

Yar Zinder: Ni dai tiyorin masanin al'adu Stuart Hall ta fi min sauƙi, darakta ya cusa saƙonsa amma mai kallo ko ya yarda ko ya ɗauki rabi ko ya ƙi sam, zauna da su Umma suna kallo kaji yadda suke tare wa uwargida faɗa.

Yaya Babba: Kar dai ka zuba labarin fim ɗin kawai, sifili zai baka.