Neman shawara: takin ruwa na ciyawar netil

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu ɗan filin lambu a nan Ingila, na shuka alayyafo, kabeji, tumatir da wake. Gindin shingen cike yake da netil, ciyawar nan da in ta taɓa hannu sai ya yi ta raɗaɗi har da borori. Wani dattijo maƙwabcina ya ce in jiƙa ta a ruwa, taki ce. Na jiƙa tun makon jiya, yanzu wari ya hana ni zuwa kusa da bokitin. Don Allah ya lalace ne? Kuma yaya ake ba shuka?

Ɗan Damagaram a Faransa: Wa alaikumus salam Hajiya. Bai lalace ba, warin shi ne alamar yana tsimuwa. Awon da aka saba a nan: kilo 1 na ɗanyen ganye a lita 10 na ruwa, in an samu ruwan sama ya fi. Bokitin roba, ban da na ƙarfe. Ki rufe sama-sama, ki riƙa juyawa da sanda kullum. Za ki ga kumfa tana tasowa. Ranar da kika juya ba kumfa, ruwan ya yi duhu, to ya nuna. Da zafi mako 2 ya isa, da sanyi yakan ɗara haka. Sai ki tace, tukar ki zuba a kan juji. Faransawa ba sa wasa da abin nan fa. Dokar 2006 ta hana sayar da shi, masu lambu suka yi ta ƙorafi har aka halatta a 2011.

Anti Mai Lambu: Ƙanwata, kar ki kuskura ki zuba shi tsura, zai ƙone saiwa. Kofi 1 a kofi 10 na ruwa, a gindi, bayan ƙasa ta jiƙe, sau ɗaya a mako biyu. Naitirojin, sinadarin da ke sa ganye bunƙasa, shi ne ya yi yawa a ciki, don haka alayyafo da kabeji su ne 'yan gatansa. Tumatir kuwa da ya fara fure ki dakata, in ba haka ba ganye za ki tara, 'ya'ya kaɗan. Wake ba ya buƙata. Kuma ki yanko netil ɗin kafin ta yi iri, da safar hannu mai kauri.

Malam na Kano: To mu da ba mu da ita fa?

Anti Mai Lambu: Malam, kashin shanu ko na kaji a buhu, a ɗaure baki a nutsa cikin duro. A sirka sosai, na kaji akwai zafi.

Maman 'Yan Biyu: Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti, wadda na jiƙa akwai iri a jiki.

Anti Mai Lambu: Ki tace da tsumma, tukar kuma kar ta je juji, ki zubar.