Wanda bai iya goge fayil a baƙin allo ba, injiniya ne?

Sadiq Kawo: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Akwai wata makarantar kuɗi da na yi wa manhaja, iyaye suna ɗora hoton rasit da fasfo ɗin yara. Shugaban makarantar ya ce a share na bara. Yaron da suka ɗauka aiki ya shiga rumbun bayanai ya goge layukan tebur, ya ce ya gama. Wata ya ƙare, kuɗin ma'aji bai ragu ko kwabo ba. Ashe sunaye kawai ya share, hotunan suna nan daram a bokitin S3, wato ma'ajin fayil na Amazon a intanet, sun zama marayu. Ni aka kira aka yi wa tijara. Na faɗa da babbar murya: duk wanda bai iya buɗe baƙin allo, inda ake buga wa kwamfuta umarni a rubuce, ya rubuta umarnin gogewa na `aws s3 rm` da hannunsa ba, ba injiniya ba ne, ɗan danna-danna ne.

Engr. Bashir: Wa alaikumus salam. Sadiq, kai injiniya ne? COREN, hukumar da ke rajistar injiniyoyi a Najeriya, ta yi maka rajista?

Sadiq Kawo: Oga, ba wannan nake magana a kai ba.

Engr. Bashir: Ni kuwa shi nake magana a kai. Shekara biyar muka yi a Zariya muna cin kwakwa. Yanzu kowa ya kalli YouTube wata uku sai ya liƙa wa kansa injiniya. Har mai gyaran janareta a Panteka injiniya ne.

Abba Linux: To ai mai janaretan ya fi wasu masu kwali amfani. Ranar da aka ɗauke wuta wa kake kira?

Maryam Barnawa: Ƙanena Sadiq, bar su. Tebur adireshin fayil kawai yake riƙewa, shi ya sa aka fi son a fara goge fayil ɗin, sannan layinsa. Tunda an riga an yi kuskure, in ka ware na bara a gefe guda, `aws s3 rm` da `--recursive` zai kwashe su. Amma don Allah fara haɗawa da `--dryrun`, zai lissafo maka abin da zai tafi ba tare da ya taɓa komai ba. Kuma duba ko an kunna adana tsofaffin kwafi a bokitin. In an kunna, alamar gogewa kawai yake ɗorawa, fayil na nan a ƙasa, kuɗi na ci gaba da hawa.

Nura Poly: Engr., wato mu masu HND fa? Faɗi abin da ke cikinka.

Engr. Bashir: Ban kira sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Nura Poly: Kazar ta fi gaban aljihu. Sabar ofishinku da ta faɗi da azumi, wa ya tashe ta? Har yau dubu biyar ɗin kuɗin mai ba ka ba ni ba.

Engr. Bashir: Haba Malam Nura, a nan za ka tono wannan?

Abba Linux: Ni dai ina bayan Sadiq. Mai amfani da Windows bai ma kamata ya sa baki ba.

Maryam Barnawa: Abba, baƙin allon ma ba tsarki ne da shi ba. A Janairun 2017 wani ma'aikacin kamfanin manhaja na GitLab ya buga umarnin gogewa na `rm -rf` a sabar da ba ita ya nufa ba, bayanai kusan GB 300 suka tafi, kamfanin ya yi asarar bayanan da aka shigar cikin kusan awa shida. Shi ma gwani ne. Sannan hotunan yaran mutane ne fa muke magana. Dokar kare bayanai ta 2023 ta bai wa mutum damar neman a goge bayanansa. Uba ya nema, ka ce ka goge alhali hoton ɗansa na bokiti, me za ka ce?

Abba Linux: Anti, wannan gajiya ce ta kama shi, ba laifin Linux ba ne.

Nura Poly: Shi mutumin GitLab ɗin COREN ta yi masa rajista? 😂

Engr. Bashir: Ka ga irinta ko? Ba a iya muhawara da ku.

Admin Kabiru: Ya isa haka. Abin da muka fahimta a taƙaice: mafi yawanmu sun yarda cewa injiniya suna ne mai daraja da ake samu da karatu, kamar yadda ɗan ajinmu Engr. Bashir ya yi bayani cikin natsuwa. Malam Nura, maganar bashi ta koma gefe. Sadiq, a daina kushe yara masu tasowa. An rufe.

Nura Poly: Mafi yawa su wa? Ku biyu?

Sadiq Kawo: Anti Maryam, Allah ya saka da alheri. Na buga da `--dryrun` ɗin yanzu. Innalillahi, har da rasit na bana ya lissafo, ashe wuri ɗaya na zuba su duka.

Engr. Bashir: Sannu injiniya.