Barin tramol: magani ne ko sauya ƙwaya da ƙwaya?

Kawu Sani: Ni dai ban ga amfanin wannan metadon da ake ta zance ba. Yaro na shan tramol, a karɓe, a miƙa masa wata ƙwaya? An gudu ba a tsira ba. A kulle shi ɗaki kwana bakwai, ya ji jiki, ya warke.

Habu mai kabu-kabu: Kawu, a gafarce ni, an yi mini haka. Lokacin ina haɗiyar mai lamba 225 sau uku kullum. Kwana na biyu sai hamma, majina, zawo, gumi da sanyi a tare, ƙafafu kamar ana tsotsar ɓargo. Kwana na huɗu na haura katanga, ko takalmi babu, sai wajen mai tebur.

Kawu Sani: Raki ne kawai.

Malama Rabi, ma'aikaciyar jinya: Kawu, wahalar takan lafa cikin kwana 4 zuwa 10, nan kana da gaskiya. Abin tsoron yana bayan an buɗe ƙofa. Jiki ya daina jure ƙwayar, yaro ya koma ya sha adadin da ya saba, numfashi ya tsaya. Metadon kuwa sau ɗaya ake sha a rana, gaban ma'aikaci, ya riƙe jiki har gobe, ba maye in an daidaita awo. Akwai kuma wani magani irinsa, bufirenofin, ƙarƙashin harshe ake sa shi, bai kai metadon danne numfashi ba, amma sai ciwon barin ƙwayar ya fara ake bayarwa. In aka yi gaggawa, shi da kansa zai tada ciwon. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su biyun cikin magungunan dole. A Dakar ma ana ba da metadon tun 2015.

Kawu Sani: Dakar ba Bagalam ba ce, Malama.

Malama Rabi: Haka ne. To inda babu su, likita ya riƙa rage tramol ɗin kaɗan-kaɗan. Akwai kuma kilonidin, maganin hawan jini ne, yana rage gumi da rawar jiki, sai dai bai kashe ƙwaɗayin ƙwayar, kuma yana sauke jini, dole a riƙa awo. Kada wani ya saya a tebur, don Allah.

Inna Hadiza: Nawa ɗan yana kulle tun jiya, zawo yake ta yi.

Malama Rabi: Inna, buɗe ƙofar yanzu. Ba shi ruwan gishiri da sukari, da safe ku zo asibiti. In ya fara fizge-fizge kamar farfaɗiya, kada ku jira safiya.