Sushin wajen garin Tokyo: cuta ce ko araha?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma yau sai na faɗa. Duk wanda ke zaune a wajen Tokyo, irin su Hachioji da Kasukabe da Kashiwa, garuruwan da ke kan babbar Hanya ta 16, cutarsa ake yi da sunan sushi, abincin nan na Japan na dunƙulen shinkafa da yankan kifi a kai, galibi ɗanye. Manyan shagunan nan na gefen titi masu filin ajiye motoci ba sabon kifi suke sayarwa ba. Daskararre ne ake narkarwa. Shinkafar inji ke dunƙula ta. Abin da suke kira wasabi, koren yajin da ake cin sushi da shi, wani saiwa ne daban da aka zuba wa koren launi. Sabon kifi yana ƙarewa ne a Ginza, unguwar masu kuɗi a tsakiyar Tokyo, da kewayen babbar kasuwar kifi ta Toyosu, ragowar ake turo wa talakan wajen gari. Jihar Saitama ko teku ba ta da shi, daga ina za ta samu sabon kifi? Araha ba ta ado.

Ɗan Yashio: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ce "sabo", to mu tsaya a nan. Kifin tuna da jiragen nesa ke kamowa, a cikin jirgin ake zubar masa da jini, a cire hanji, a daskarar da shi a digiri 60 ƙasa da sifili. A wannan sanyin launinsa da maiƙonsa ba sa canzawa na tsawon watanni. Tashoshin Yaizu da Shimizu a jihar Shizuoka nan ake sauke mafi yawansa. A Toyosu ɗin da kake yabo, wadda ta gaji tsohuwar kasuwar kifi ta Tsukiji a watan Oktoban 2018, daskararrun tuna ne jere a ƙasa ana gwanjonsu da asuba. Wanne ya fi sabunta, wanda aka daskarar sa'o'i kaɗan bayan kama shi, ko wanda ya yi kwanaki a kan ƙanƙara?

Baban Khalifa: Abin da ya shiga firiza ba sabo ba ne, ko a digiri nawa.

Maman Hanan: Yaya Baban Khalifa, wannan maganar tana iya kai mutum asibiti. Akwai tsutsar da ake kira anisakis, fara siririya kamar zare, tsawonta santimita 2 zuwa 3. Tana zama a hanjin kifayen teku irin waɗanda Japanawa ke kira saba da aji da sanma da katsuo, har da ika, wato squid, dabbar teku mai hannuwa da yawa. Kifi na mutuwa, idan ba a cire hanjin da wuri ba, sai ta ratsa cikin tsoka. Wanda ya haɗiye ta da rai, bayan 'yan sa'o'i ciwon ciki mai tsanani zai kama shi, sai likita ya zura na'ura ta baki ya ciro ta. Gishiri ba ya kashe ta, khal (vinegar) ba ya kashe ta, wasabi da shoyu, baƙin romon waken soya mai gishiri, ma haka. Abu biyu ne kawai: zafi ko sanyi. Ma'aikatar lafiyar Japan ta ce a daskarar a digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla sa'o'i 24, ko a dafa a digiri 70, ko a digiri 60 na minti ɗaya. Hukumar abinci ta Amurka ta fi tsaurarawa, kwana 7 take cewa a wannan sanyin, ko sa'o'i 15 a digiri 35 ƙasa da sifili. "Sabon" da kake nema shi ne ya fi zuwa da tsutsa mai rai.

Malam Na Kawagoe: Hajiya ta yi gaskiya a kan tsutsa, amma ku duka kun ɗauka kifin da aka kama yanzu-yanzu shi ne mafi daɗi. Ba haka ba ne. Farin kifi irin hirame da tai, idan aka yanka shi nan take, tsokar tauri gare ta kuma ba ɗanɗano. Masu sana'ar suna soke ƙwaƙwalwarsa, su zubar da jini, wasu su zura waya ta cikin ƙashin baya don kashe jijiya, sannan a naɗe shi a ajiye a sanyi kwana ɗaya ko fiye. A wannan zaman ne sinadarin da ke ba shi garɗi yake taruwa. Babban tuna ma sai ya yi kwanaki. Kuma sushin Edo (tsohon sunan Tokyo) na asali, wanda ake danganta wa Hanaya Yohei a shekarun 1820, ba firij a lokacin. Tuna a shoyu ake jiƙa shi, ƙaramin kifin kohada a gishiri da khal, anago, dogon kifin teku mai kama da maciji, kuwa dafa shi ake yi. Tun farko sana'ar sarrafa kifi ce.

Ɗan Yashio: Ka ji ko Alhaji. Ginza ɗin ma kwanannen kifi suke ba ka, su caje ka ninkin-ba-ninkin.

Malam Na Kawagoe: A'a ɗan'uwa, kada ka ja maganata zuwa ɓangarenka. Kwantar da kifi da gangan daban, narkar da daskararre cikin gaggawa daban. Inda shagunan araha ke faɗuwa ke nan. Yadda ya kamata: a haɗa ruwa mai ɗumi kamar digiri 40 da gishiri kashi 3 cikin ɗari, wato giram 30 a lita ɗaya, a tsoma yankan tuna minti ɗaya zuwa biyu, a goge shi tas, a naɗe da takardar kicin, a sa a firij rabin yini. Idan aka bar shi a fili ko aka sakar masa ruwan famfo, sai ya zubar da jan ruwa, daɗin ya tafi da shi, tsokar ta yi laushin banza. Alamar tana bayyana a faranti: danshi ja a ƙarƙashin yankan, ko shinkafar ta rine. Kuma firizar gida digiri 18 ce ƙasa da sifili, tuna ba ya daɗewa a cikinta sai ya koma ruwan ƙasa.

Baban Khalifa: To ai kun dawo kan maganata. Cuta ce.

Ɗan Yashio: Ina cutar? Kamfanin Sushiro, lokacin da ya ƙara kuɗi a watan Oktoban 2022, faranti mafi araha ya koma yen 120 a shagunan wajen gari, 150 a tsakiyar birni. Kifi ɗaya, kamfani ɗaya. Kuɗin haya ne bambancin. Mutumin wajen gari ne ma ya ci riba. Batun teku kuma, jihar Yamanashi ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya, amma tana sahun gaba a yawan shagunan sushi idan aka auna da yawan jama'a, kuma mutanen Kofu, babban birninta, sun shahara da cin tuna.

Ummu Sultan: Ku yi haƙuri in katse ku. Kuna ta sabo da daskararre, ba wanda ya tambayi ko abin ya halatta. Kifin ba matsala, aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da aka kamo a teku, kuma a mazhabar Malikiyya har jatan lande da ƙaguwa da ika duk sun shiga. Matsalar mirin ce. Mirin na gaskiya giyar shinkafa ce mai zaƙi, barasarta kusan kashi 14 cikin ɗari. Tana cikin baƙar miyar da ake shafa wa anago da ɗan'uwansa na kogi unagi, tana yawan shiga wainar ƙwai mai zaƙi, ikura, wato ƙwan kifin salmon, ma a shoyu da giyar shinkafa da ake kira sake ake jiƙa shi a mafi yawan wurare. Taliyar ramen da suke sayarwa a gefe kuwa, romonta sau da yawa da alade a ciki.

Ɗan Yashio: Miyar unagi tafasa ta ake yi, barasar tana tashi.

Ummu Sultan: Tafasa tana rage ta, ba ta kwashe ta duka. Kuma ikura ba kowa ke tafasa ruwan jiƙonsa ba.

Maman Hanan: Anti, idan haka ne shoyu ma ya fita, domin tsimuwarsa tana haifar da 'yar barasa, wasu kamfanonin ma ƙarawa suke don kada ya lalace. Khal ɗin shinkafar kuma daga giya yake juyewa ya zama khal.

Ummu Sultan: Khal hukuncinsa daban, akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci. Kada ki haɗa shi da mirin da ake zubawa tana nan a giyarta. Shoyu kuma akwai mai shaidar halal, ana samunsa a ƙaramar kwalba, mutum ya tafi da abinsa. Wanda ba shi da shi ya ci da gishiri da lemon tsami, ika da farin kifi ma sun fi daɗi a haka. Manyan kamfanonin suna wallafa jadawalin abubuwan da ke jawo wa wasu borin jini, a ciki za ki ga ko akwai alade ko jelatin. Amma barasa ba ta cikin jadawalin, sai an tambaya.

Baban Khalifa: Ni ba fatawa na zo nema ba. Na ce inji ke dunƙula shinkafa, kowa ya yi shiru.

Malam Na Kawagoe: Wannan ita ce maganar da ya kamata ka fara da ita. Injin ba sabon abu ba ne, kamfanin Suzumo ya fitar da na farko tun 1981, shagon sushi mai bel mai zagayawa kuwa Yoshiaki Shiraishi ya buɗe shi a 1958 a gabashin Osaka. Kuma injin ba shi ne aibin ba. Aibin sanyi ne. Shinkafar sushi ɗumin jikin mutum ake so ta kasance. Gajerar shinkafar Japan giram 300, a dafa da ruwa ƙasa da yadda aka saba kaɗan, a haɗa khal babban cokali 3, sukari babban cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1. A zuba tana da zafi, a riƙa yanka ta da ludayi a kwance ana fifita, ba a tuƙa ta. Dunƙule ɗaya giram 15 zuwa 20, a matse shi daidai yadda zai tsaya a hannu ya watse a baki. Idan ta shiga firij sai ƙwayar ta yi tauri ta bushe. Shi ya sa sushin babban kanti, wanda ake manna wa takardar rabin kuɗi da dare, ake cika masa sukari don ya jure sanyi. A shagon bel kuwa, kada ka ɗauki abin da ke zagayawa, ka yi oda ta allon da ke teburinka, a kawo maka wanda aka haɗa yanzu.

Ɗan Yashio: Wasabin dai na ba ka gaskiya Alhaji, na gaskiya a ruwan ƙorama mai sanyi yake fitowa a Shizuoka da Azumino, tsada gare shi. Engawa, wato tsokar gefen fiffiken kifi, na araha ma ba daga hirame ake yanko shi ba, daga wani kifi ne mai suna karasugarei da ake shigowa da shi daga waje. Amma salmon fa? Shi ma za ka ce cuta ne? Japanawa ba sa cin nasu ɗanye saboda tsutsa, sai da mutanen Norway suka yi ta tallata na kiwo tun shekarun 1980.

Auta: Yayyena, tambaya daga gida. Tunda daskararre ya fi aminci, kifin titus da ake sayarwa a kwali a kasuwanninmu ai shi ne saba. Za a iya yin sushi da shi? Ko da tarwaɗa?

Maman Hanan: Kul, Auta. Titus dangin saba ne, Japan ma tana shigo da irinsa daga Norway. Amma wanda ya narke ya sake daskarewa saboda ɗaukewar wuta, ya sha rana a kan tebur, yana tara wani sinadari da ake kira histamin, mai sa jan fuska da ƙaiƙayi da ciwon kai. Shi wannan ko dafuwa ba ta lalata shi. Tarwaɗa da karfasa da duk kifin kogi ko tafki ba a cinsu ɗanye sam, nasu tsutsotsin daban ne. Idan kana sha'awa, naɗa da kokwamba da wainar ƙwai da dafaffen jatan lande ko tuna na gwangwani.

Ɗan Yashio: Bari in taƙaita tunda dare ya yi. An tabbatar daskararren kifi ya fi aminci, kuma sushin wajen gari daidai yake da na tsakiyar birni a farashi mai sauƙi. Maganar Alhaji ba ta da tushe. Batun mirin saɓani ne, kowa ya bi malaminsa.

Malam Na Kawagoe: Ban ce daidai yake ba. Na ce narkarwa da sanyin shinkafa suna ɓata shi, ka tsallake.

Ummu Sultan: Ni ma ban ce saɓani ba ne. Unagi da anago da ikura da wainar ƙwai, a tambayi mai shago abin da ya zuba kafin a ɗauka.